Malmala ta Uku

Shekara uku na yi a Sendai, wani birni a arewacin Japan, ina karatun haɗa magunguna. Duk wanda ya tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya a can yana zaton zan ce sanyi ko rubutunsu. Abinci ne. Watannin farko da dafaffen ƙwai da ayaba da farar shinkafa na rayu. Ko burodi zan saya sai na tsaya a kanti ina haska bayan ledar da waya, don kitsen alade yakan ɓuya inda ba a zato. Miya kuwa kusan kowacce sai an ɗiga mata wata giyar shinkafa mai zaƙi, wadda su ba sa ma sa ta a layin giya. Ki tambayi mai abinci ko da barasa a ciki, ya sunkuya ya ce babu, kuma har zuciyarsa gaskiya ya faɗa miki.

Mu baƙin garin ba mu da yawa, kowa da yadda ya yi da ransa. 'Yan Indonesiya sun gano wani ɗan shago kusa da masallaci inda ake sayar da kajin halal daskararru. Turawa sun bi 'yan gari: a tashi aiki a wuce gidan sha, a zauna a ƙasa ana zuba wa juna har a manta waye babba. Ni ma nakan bi su, don wanda bai je ba kamar ya yi gaba da mutane ne. Sai in rakuɓe a gefe da shayi mai sanyi marar sukari, ina murmushi har kumatuna su gaji. Wankan ruwan zafin nan da suke mutuwar so, inda mata ke tuɓewa gaba ɗaya su shiga tare, shi kaɗai na ce ko za a kore ni daga ƙasar ba da ni ba.

Malamin da nake ƙarƙashinsa ne ya lura ina ramewa. Sensei muke ce masa, wato malam. Gajeren dattijo ne, ba ya son surutu, bai kuma taɓa tambayata me nake ci ba. Da kaka ta yi, al'adarsu ce ɗalibai da malamai su fita bakin kogi, a kafa babbar tukunya a dafa gwaza da naman alade, a zauna a kan duwatsu ana shan romo. Na tafi da ayabata a jaka. Sai ga matar Sensei ta fito da wata ƙaramar tukunya sabuwa fil, ko takardar jikinta ba a ɓare ba, da kazar da ta shiga bas biyu ta sayo a shagon masallacin. Ta hura wuta daban ta dafa mini tawa gwazar. Ina sha ina hawaye, da aka tambaye ni na ce hayaƙi ne.

Daga ranar kusan kowace Lahadi a gidansu nake cin abincin rana, kuma a can na tafka kuskurena na farko. Na ci na rage 'yar shinkafa a gefen kwano, yadda aka tarbiyyantar da ni, don a gidanmu wanda ya suɗe kwano a gidan mutane ya nuna bai ƙoshi ba. Washegari Sensei ya kira ni ofis, ya yi ta kwana-kwana, sannan ya ce matarsa tana tambaya me ta ɓata a girkin. A wajensu ƙwaya ɗaya ba a bari. Abin da aka zuba maka sai ka cinye tas, ka ƙoshi ko ba ka ƙoshi ba, in ka rage ka ce wa mai girki ke nan abincinta bai yi ba. Na riƙe wannan darasi da kyau. Saboda haka abin da ya faru daga baya ba zan laɓe da rashin sani ba.

Shekaru suka tura. Ina Mitchellville a jihar Maryland, ga aure ga aiki, sai ga wasiƙa da rubutun hannun matar: Sensei ya yi ritaya, za su zo Washington kallon furannin bazara, irin itatuwan ƙasarsu da aka shuka a bakin ruwa. Ihu na yi a falo. A lokacin surukata, mahaifiyar maigidana, tana wajenmu. Daga Kano ta zo aka yi mata aikin ido, kuma tun ranar da idon ya washe ta ƙwace kicin daga hannuna. Hajiya mutuniyar kirki ce, amma ba a yi mata musu, ni kuma shekara takwas da aure ban taɓa haɗa ido da ita ba. Da na ba ta labarin tukunyar bakin kogi, sai ta ajiye carbi.

"Mutanen da suka ciyar mana da ke a ƙasar da ba ki da kowa?" ta ce. "To, ranar ramawa ta zo. Sai sun fita daga gidan nan da rarrafe."

Muka yi dariya, har da ni.

Tun Alhamis ta fara. Ta sa aka kai ta shagon 'yan Afirka ta zaɓi kabewa da hannunta, ta jiƙa shinkafar waina, ta daka dambun nama, ta tace kunun aya. Ranar Juma'a ta ce a gyara ƙaramin falo, a jera musu kwanuka a rufe, a ja musu ƙofa su ci a sake. Haka ake yi wa baƙo a gida, ba a tsaya masa a ka. Ni ce nan da wayewata na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, su in ba a zauna da su ba sai su ga kamar ba a yi murna da zuwansu ba."

"To, ke kika san su," ta ce.

Da na bar ta ta yi irin tata, da an wanye lafiya. Wannan har yau yana ci na.

Asabar da safe aka kira maigidana asibitin da yake aiki. "Wallahi emergency ce, ki ba su haƙuri, zan yi ƙoƙari in dawo kafin la'asar," ya faɗa yana laluben makulli. Ban damu ba a lokacin. Sai daga baya na tuna shi kaɗai ne a gidan zai ce wa Hajiya ya isa haka, ta harare shi amma ta bari.

A wani otal a unguwar Southwest ta Washington suka sauka, kusa da ruwa. Da na hango Sensei sai na ga ya rame ƙwarai. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, wuyan rigar yana lilo. Ya ce tafiyar ƙasa yake yi kullum da safe, shi ya sa. Mun kai bakin mota sai ya tuna ya bar tsaraba a ɗaki, ya juya. Yana ɓacewa matarsa ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, don su ba masu taɓa mutum ba ne.

"Bara aka yanke masa ciki," ta ce da Japananci, murya ƙasa-ƙasa. "Kashi biyu cikin uku aka cire. Abin da yake iya ci a zama ɗaya bai wuce cikin kofin shayi ba. In ya wuce haka sai gumi, sai zuciya ta kama bugu, sau biyu yana yanke jiki ya faɗi. Bai gaya wa kowa ba, har ƙaninsa. Ya ce ranar da mutane suka fara yi masa kallon tausayi ya daina fita. Da ƙyar na fito da shi tafiyar nan. Ki zuba masa kaɗan. Kuma ina roƙonki, kada ya san na faɗa miki, kada kowa ya sani."

"Na yi miki alkawari," na ce.

Tafiyar gida rabin awa ce, na yi ta ina amsa hirar Sensei da baki, hankalina yana kan tukwanen Hajiya. Na yi tunanin in ja ta kicin in raɗa mata. Amma a ganina na san Hajiya. Ba ta jin ciwon mutum ta yi shiru. Za ta fito ta dafe cikinta, ta langaɓe kai, ta hau jera masa sannu da addu'a, kuma wannan ba ya buƙatar tafinta. Sai na yanke cewa ni zan riƙe ludayi, in zuba masa kaɗan, a tashi ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Gaisuwa kaɗai ta ci minti biyar. Ya sunkuya, Hajiya ta rusuna, ya ga ta fi shi yin ƙasa ya ƙara, ita ma ta ƙara. Da aka zauna a tebur na yi wuf na buɗe kular tuwo, na gutsuri abin da bai kai rabin malmala ba na sa masa, na ɗiga miyar taushe a gefe.

"Ke, 'yar nan, wannan na waye? Na kyanwa?" in ji Hajiya. "Rowar nan ba a gidanmu kika koye ta ba."

Da raha ta faɗa, da raha kuma ta zare ludayin daga hannuna. Ta ɗora masa cikakkiyar malmala, ta malale ta da miya, ta zaɓo tsoka biyu ta aza. Na tsaya da hannu a sake kamar wadda aka karɓe wa goyo. Ita ba ta zuba wa kanta ba, ba za ta ci a gaban baƙon namiji ba. Ke nan aiki ɗaya ya rage mata a teburin, wato gadin faranti.

Sensei ya haɗa tafukansa ya yi godiya irin tasu, ya ɗauki cokali. A hankali yake ci, kowace loma sai ya daɗe yana taunawa, yana yabon miyar, ina fassarawa. Matarsa tana tsakurar nata tuwon, ɗaya hannun a ƙarƙashin tebur yana murɗa hankici. Na yi ta addu'a ya tsaya a rabi. Bai tsaya ba. Ya cinye, ya bi gefen farantin da cokali har ya yi fes.

"Kin gani ko?" Hajiya ta ce. "Bawan Allah yunwa yake ji. Otal ɗin nan ba abin kirki suke ba mutane ba."

"Hajiya, su haka suke. Ko sun ƙoshi sai sun cinye. In an ƙara masa ma cinyewa zai yi."

"To ai shi ake so. Ya cinye ɗin."

Malmala ta biyu ta sauka a farantin.

Na juya na ce masa da Japananci, "Sensei, a ƙasarmu ladabi shi ne a rage. Sai ka rage za ta san ka ƙoshi." Gaskiya na faɗa, amma da sauri na faɗe ta. Ya ajiye cokali. Ya dube ni, sannan ya juya ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta. Ita kuwa idonta yana kan farantinta.

"Mahaifiyar mijinki kwana uku ta yi tana girki," ya ce yana murmushi. "Ni kuma lafiyata lau, ina da ci."

Ya sake ɗaukar cokalin. Ɗazu don ladabi yake ci. Yanzu don ya nuna mana ne, ni da matarsa, kuma ni na jawo.

Wannan malmalar ta biyu ba na jin zan manta ta. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Cokalin yana ɗan kaɗawa kafin ya kai baki. Leɓensa ya yi fari, yana haɗiya da ƙyar yana ci gaba da tambayar yadda ake noman kabewa a Kano.

"Yaji ya ratsa shi, madalla," in ji Hajiya. "Zuba masa kunun aya ya kora."

Ni da na karanci magunguna na san ga mai irin cikinsa babu abin da ya kai zaƙi haɗari. Na sure jug ɗin na ce ya huce, bari in sa ƙanƙara. A kicin na tsaya rungume da shi ina kiran maigidana. Sau uku tana shiga ba a ɗauka. Na ji haushinsa, na ji haushin Hajiya, na ji haushin taurin kan tsohon nan, amma duk bai kai haushin kaina ba. Na bar kunun a kan kanta na koma.

Farantin ya sake yin fes. Sensei ya dafa gefen tebur da hannu biyu, yana numfashi ta baki a hankali don kada a ji. Hannun Hajiya kuwa ya riga ya fito daga kula da malmala ta uku.

Matarsa ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Har yau ban sani ba ko cewa take in yi magana, ko cewa take in riƙe alkawari.

"Hajiya," na ce, ina ƙoƙarin yin fuskar mai hira, "kada ki ɗago, kada ki dube shi, kada ki yi masa sannu. An yanke masa ciki. In ya ci wannan zai iya faɗuwa a nan. Ba ya so kowa ya sani."

Ban taɓa ba ta umarni ba sai ranar, har guda uku a jere.

Hannunta bai tsaya ba. Ta sauke malmalar a farantin kamar ba ta ji ni ba, har na ce a raina shi ke nan. Ta ɗebo miya, ta kai ludayin kusa da hanci, ta dangwala da yatsa ta lasa. Sai ta yamutse fuska.

"Subhanallahi! Miyar nan ta juya. Tsami take yi." Ta kai hannu ta kama farantinsa. "Ce masa ya yafe mini, tsufa ne, a waje na bar ta ta kwana. Ba na ba baƙo wannan."

Matar da in za a yi suna a garin Clinton da ke kusa da mu ake aiko mota a ɗauke ta don miyar taushenta, ita ce take faɗin haka a gaban baƙi. Na fassara. Sensei ya riƙe gefen farantin yana cewa a'a, miya ta yi daɗi ƙwarai. Ta ja, ya ja, ta fi shi ƙarfi.

"Kwashe, kwashe duka, har wainar, ban yarda da ita ba," ta ce mini. "Kuma ki gaya masa a gidanmu in namiji ya ci abinci kishingiɗa yake yi, mata su ba shi wuri. Al'ada ce, ba a ƙi."

Wannan al'ada ban taɓa jin ta ba, amma na fassara ta da ƙarfin gwiwa. Da ya ji an ce al'ada, bai yi musu ba. Ya miƙe, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya kama bayan kujera. Mu uku duka muka sami abin kallo a wani wajen. Matarsa ta bi shi ƙaramin falo, Hajiya ta ja musu ƙofa.

Muka zauna a kicin. Na danna lambar motar asibiti a waya na ɗora babban yatsa a kai, ban kira ba. In na kira, asirinsa ya gama tonuwa a gaban maƙwabta. In ban kira ba kuma wani abu ya faru, ban san da bakin da zan yi bayani ba. Ta bango muna jin nishinsa, da muryar matar tana magana a hankali, sai ƙarar ruwa a banɗaki, sai shiru. Shirun ya fi nishin tayar mini da hankali. Sau biyu ina miƙewa, Hajiya tana nuna mini kujera da haɓa ba tare da ta daina jan carbi ba.

Minti arba'in aka yi kafin ƙofar ta buɗe. Ya fito da ƙafarsa, ya taje kai, ya ɗaure maɓallin kwat, fuskarsa fari fat. Ya sunkuya wa Hajiya ya ce wannan al'ada tana da kyau. Ta ce Allah ya kai su masauki lafiya, ta cika musu leda da dambun nama, ba ta bari idonta ya sauka ƙasa da fuskarsa ba.

Na ɗauke su a mota, muka yi ta tafiya har muka hau gadar shiga Washington. Nan ne ya ce, yana kallon gaba, "Miyar ba ta yi tsami ba. Faranti biyu na ci, na sani." "Ki yi wa surukarki godiya," ya ƙara.

A ƙofar otal ya sunkuya ya shige. Matar ta tsaya ta yi mini godiya da dogayen kalmomin girmamawa irin waɗanda suke yi wa wanda ba su sani ba. Na ce ta yafe mini.

"Ba ki da laifi, ni na fara faɗa," ta ce. "Amma gobe ba zai fita kallon furanni ba. Na san shi."

Haka kuwa aka yi. Kwana huɗun da suka rage musu a ɗaki ya yi su. Na kira sau biyu, aka ce yana hutawa.

Amma a ranar, da na koma gida, na sami Hajiya a kicin ita kaɗai, ta zuba tuwo da miyar tana ci. Na durƙusa na ce na dawo. Ta haɗiye lomar bakinta, sannan ta jefo mini tambaya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da na je ɗauko su."

"Tun kafin ki shigo gidan nan ke nan. Kika zauna kina kallona ina ɗura wa marar lafiya tuwo da hannuna."

"Hajiya, alkawari na yi. Kuma na ji tsoron in kin ji za ki yi masa sannu, ya gane."

Ta ajiye lomar da ta ɗauko. "Ɗago ki dube ni," ta ce. Na ɗago da ƙyar.

"Mahaifin mijinki shekara biyu na yi ina jinyarsa. Shi ma bai so a sani ba. Ni nake wanke shi, in sa masa babbar riga, in zaunar da shi a zaure ya yi hira da mutane. 'Ya'yan cikinsa ba su san abin da ke damunsa ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Shekara takwas kina durƙusa mini, 'yar nan, amma ba ki san ni ba."

Ta wanke hannu, ta ce in rufe miyar in sa a firji kada ta lalace, ta shige ɗakinta.